Ƙoshiya Mai Ɗigo Uku

Gwaggo ta rasu ranar wata Talata da hantsi, a ɗakinta na ƙuryar gidanmu a Kusfa, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Daga Allah ta zo, gare shi ta koma, mu ma muna tafe. Yayar mahaifina ce, ciki ɗaya. Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba, amma ban taɓa ganin zaman makokin da 'ya'ya suka cika kamar nata ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, na lura da zarar mutum ya kwanta dama sai a ce "bawan Allah mai haƙuri", a rufe maganarsa a nan. A kwana ukun farko na ji an faɗi haka a kan Gwaggo ya fi a ƙirga. To, Gwaggo ba mai haƙuri ba ce. Duk wanda ya ce tana da haƙuri bai taɓa motsa mata kaya daga inda ta ajiye ba.

Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ce ta fara faɗin gaskiya. Tana share hawaye da gefen mayafi ta ce, "Yanzu kuma wa zai kwashe mana yaran nan ranar Sallah, mu samu mu miƙe ƙafa?" Mata suka yi dariya cikin kuka, wasu suna rufe baki don kunya. Can da la'asar sai ga wata malamar firamare daga Wusasa, Kirista ce. Ta yafa gyale, ta zauna a tabarma ta yi mana gaisuwa yadda ya kamata. Da za ta tashi sai ta buɗe jaka ta nuna mini guntun alli, irin wanda masu kaɗin zare ke shafawa a yatsa. Ta ce, "Mama ce ta ba ni aro. Na zo in mayar, amma raina ba ya so." Na ce ta riƙe abinta.

Mahaifina kuwa yana wajen maza. Ƙanena ne ya ba ni labarin abin da ya faru a zaure, inda maza ke ɗinkin likkafani. Gwaggo ta daɗe da tanadin nata a ƙasan akwati: farar saƙar hannu, siraran ƙyallaye da aka saƙa a gidanmu tun zamanin kakanmu. Da aka warware, Baba ya kama ɗaya daga ciki wanda gefensa ya fita a karkace, nan ya faɗaɗa, can ya tsuke. Ya yi ta bin gefen da babban yatsa har liman ya ce masa, "Alhaji, rana tana yi." Sannan ya saki.

Gidanmu gidan masaƙa ne, ko da yake sai da na shekara tara na sani. Kakanmu ya rasu kafin a haife ni. Kayan saƙarsa suna nan jingine a kusurwar zaure, ni dai na ɗauka itace ne da aka hana a hura wuta da shi. Baba ya yi boko ya zama akawu a wani ofishin gwamnati, da farko mai keke, daga baya mai babur. Ba ya ƙarya a kan asalinsa, sai dai ba ya ɗauko zancen. In abokan aikinsa suka tambayi sana'ar gidan, yakan ce, "Malam, mahaifinmu, ya ɗan taɓa harkar tufafi," ya sako wata hira.

A farkon shekarun tamanin aka buɗe wani wurin shaƙatawa a bayan gari, kan hanyar Kaduna. Masu wurin suka shigo cikin birni suna neman tsofaffin kaya, wai za su yi ƙauyen gargajiya a ciki. Daidai lokacin Baba yana son ya shafe zaure da siminti ya zuba kujerun baƙi. Gwaggo ta tafi biki wani ƙauye a gindin dutsen Kufena. Kwana uku ta yi. Ta dawo ta tarar da kusurwa fayau.

Ina tsakar gida ina tsince shinkafa, don haka da kunnena na ji.

"Akawu, ina kayan Malam?"

"Yaya, gara ce za ta cinye su a nan. Can za a kula da su, mutane su gani."

"Mutane su gani. Naka 'ya'yan fa, su ga me?"

"Yaran nan karatu za su yi. Zamani ya wuce saƙa."

"Ya wuce ta, amma da ita aka ciyar da kai har ka iya riƙe biro. Ka share zaure tas, sannu da aiki. Duba da kyau ko akwai sauran ubanka a wani lungu, ka haɗa ka share."

Baba ya hau babur ya fita, ko abinci bai ci ba. Gwaggo ta daina karɓar tuwon gida. Ta kafa murhunta a ƙofar ɗaki, ta yi wajen wata biyu tana dafa nata, hayaƙi yana shiga idon kowa. Ranar da ta huce ba ta ce ta huce ba. Kunun tsamiya kawai ta dama ta ba ni in kai masa. Amma daga wannan rigima ba ta ƙara kiransa da sunan yarintar da ta saba ba, sai Akawu, har ta koma ga Allah.

Abu ɗaya ya tsira, don a ɗakinta yake: ƙoshiyar saƙa, ɗan itacen nan mai siffar kwalekwale da masaƙi ke jefawa tsakanin zare. Ta yi sumul don shan hannu, a cikinta kuma akwai ɗigo uku da aka ƙona da ƙarfe. Haka kakanmu yake yi wa kayan aikinsa shaida. Tsoron Gwaggo, kuma ta sha faɗa a fili, shi ne ta mutu ta bar gidan babu mai iya buɗe baki ya ce ubanta masaƙi ne. Ba jikoki kaɗai take nufi ba. Ƙanenta take nufi kafin kowa.

Da ma can ita ce mai fita da yaran gida. Takan tasa mu gaba zuwa Ƙofar Doka ta tsayar da mu a gindin ganuwa. Ba za ta ce ga wanda ya gina ko ga zamanin da aka gina ba. Cewa take yi, "Mutane ne suka yi wannan da hannu. Wanda ya fara nemo mini sawun yatsa a jikinta, shi zai riƙe mini mafici a hanyar gida." Riƙe maficin Gwaggo ba ƙaramar sarauta ba ce. Sai ka ga mun bazu muna shafa ƙasa kamar masu neman allura. Ko sawun yatsa muke gani ko ramin zanzaro, Allah masani. Ita dai takan duƙa ta duba da gaske, ta kaɗa kai ta ce, "Wannan mai manyan hannuwa ne."

Sallar da ta biyo bayan rigimar, rana ta uku, ta haɗa mu mu takwas, na gida da na maƙwabta, ta ɗora adudunta a ka, ɗan kwandon nan mai murfi. A ƙofar zaure ta tsaya. "Akawu, akwai wuri a mota." Baba ya ce, "Yaya, ina da baƙi." Muka wuce muka hau bas a Ƙofar Doka.

Wurin ya tafi da hankalinmu tun daga bakin ƙofa. Ga lilo mai ɗaga mutum sama har ya hango Kufena, ga ɗan jirgin ƙasa mai zagaya tafki, ga mai alawar auduga. Ƙauyen gargajiyar yana can ƙarshe, bayan komai. Bukkoki ne a jere, maƙeri da marini da baduku da mai kaɗi da masaƙi, kowa a bakin aikinsa. Na ga yadda sauran iyaye ke yi da wurin. Uba ya tsaya gaban allon bayani yana karantawa da ƙarfi, yara suna rataye da rigarsa suna tambayar yaushe za a koma lilo, uwa tana zare ido. Kafin a kai bukka ta uku wani ya sha ranƙwashi, an juya.

Gwaggo ba ta nufi can da mu ba. Gindin wata bishiya ta zaunar da mu, ta fito da ɗanwake da dafaffen ƙwai. "Ku ci. Ni ba na nuna wa mai jin yunwa komai." Muka ci muka sha ruwa. Ta bar mu muka hau lilo sau ɗaya, don kada zuciyarmu ta zauna a can. Sannan ta buɗe adudu.

Kowa ta damƙa masa abu ɗaya a tafin hannu. Wannan mazari, wannan basilla, wancan curin shuni, autar cikinmu kuma, 'yar shekara huɗu, guntun gawayi. Ta ce, "Kowane abu a nan yana da ɗan'uwa a cikin bukkokin can. Ka nemo shi. In ka samu, ka durƙusa ka gai da mai shi, ka tambaye shi sunan abin da aikinsa, ka dawo ka gaya mini, don ni na tsufa na manta. Kuma ba mai komawa lilo sai auta ta samo nata."

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne wayonta. Manyan da suka saba ture ƙanana sai ga su riƙe da hannun auta, suna leƙa bukka-bukka da ita, har suka kai ta gaban maƙeri. Ta miƙa masa gawayinta, ya karɓa da hannu biyu ya jefa a wuta, ya bar ta ta taɓa zugazugi. Ta dawo tana gaya wa Gwaggo ita ta hura wutar gaba ɗaya. Ɗan kawuna kuwa, da aka ba shi shuni, bai jira komai ba ya kai baki, a zatonsa alawa ce. Ya kwana biyu da shuɗin harshe. Yau babban mutum ne har da direba, amma a gidanmu in ya cika iyayi sai wani ya ce ya fito da harshe a gani.

Ni aka ba ƙoshiya. Ban sha wahala ba, don tun daga nesa na jiyo ƙarar saƙa. Wani dattijo ne daga ƙauye aka ɗauka yake zama a bukkar, zare a miƙe gabansa har waje. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa. Ya juya ta, ya duba cikinta, ya dube ni. Sai ya kamo itacen da yake buga zare da shi ya karkato mini. Ɗigo uku a jere, irin nawa sak.

"'Yata, ina kika samo wannan?"

"Gwaggona ce ta ba ni."

Ashe tana bayana. Ta gaishe shi ta ce, "Malam, kayan nan na wane ne?" Ya ce wallahi bai sani ba, an dai ce daga cikin birni aka kawo. Allon da ke bakin bukkar ma bai sani ba, "masaƙar gargajiya" kawai aka rubuta. Gwaggo ta sa aka kira sauran yaran. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce, "Na ubana ne. A kansu kakanku ya tsufa. Wanda yake so ya taɓa, ya taɓa." Duk muka taɓa, har 'ya'yan maƙwabta da ba kakansu ba ne.

Dattijon ya ce ai ya kamata a bar ƙoshiyar tare da 'yan'uwanta. Gwaggo ta karɓe abarta ta jefa a adudu. "A'a, Malam. In na bar ta a nan, me zan ba na baya su nemo?"

Muna tsaka da roƙon a bar mu mu ga yadda marini ke matse zane ta ce a tashi. Haka take kullum. Ba ta barin yaro ya gundura. Tun yana so take janye shi, ya shekara yana ɗokin komawa. Sai da bas ta ɗauki hanya muka tuna ba mu koma lilo ba.

Da muka isa gida ko takalmi ban cire ba na faɗa zaure. "Baba, ashe kakanmu masaƙi ne, mun ga kayansa." Ya rage muryar rediyo, ya dube ni, ya ce, "Je ki wanke ƙafarki." Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma na daɗe ina jin haushinsa a kai. Gwaggo da ta ga fuskata cewa ta yi, "Ƙyale shi. Shi ma yaro ne, lokacin nasa neman ne bai zo ba."

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Muka girma, ƙannenmu suka karɓa, bayansu 'ya'yanmu. Kayan adudu suna canzawa, ƙoshiya ba ta canzawa, kowace shekara sabon hannu take samu. A ɗaya daga cikin zuwan ne ta haɗu da malamar Wusasa. Ta kawo 'yan aji ɗaya, sun fi ƙarfinta, wata ƙarama ta zube a ƙasa tana birgima. Gwaggo ba ta san su ba, ba ta kuma nemi izinin kowa ba. Ta duƙa ta sa wa yarinyar alli a hannu ta ce, "Akwai wata tsohuwa a can mai irin wannan, na neme ta na rasa. Wa zai taimake ni?" Aji guda ya bi bayan yarinyar. Allin kuwa Gwaggo ta bar wa malamar aro. Tun daga ranar malamar ba ta fashin zuwa gaisuwar Sallah, Gwaggo kuma takan aika mata da dambu lokacin Kirsimeti.

Ni ma ban tsira ba. Na zama malamar makaranta, na fara jin kaina. Shekarar da na fara kai 'yata ta fari, na tsaya gaban bukkar baduku ina zuba mata bayani, tun daga jimar fata har zuwa ɗinki. Sai na ji mafici a ƙeyata. "Malama, nan ba aji ba ne. Rufe bakin, ki bar ta ta tambaya." A gaban mutane ta yi mini, ina da aure har da 'ya. Na yi fushi na yini guda. Yanzu duk inda zan kai ɗalibaina, da ɗan gwangwanin tarkace nake tafiya.

Abu ɗaya ne bai motsa ba. Duk shekara sai ta tsaya a ƙofar zaure ta ce akwai wuri a mota, duk shekara Baba yana da baƙi. Ya yi ritaya, ya je Makka, gemu ya yi fari, baƙin nan ba su tafi ba.

Ranar sadakar uku muka taru a ɗakinta muka buɗe adudu. Ga mu nan, iyayen wasu, muna wawar tarkace, wannan yana cewa basillar tasa ce, wancan yana cewa shi aka fara ba. Na zazzage adudun har ƙasa. Ƙoshiya ba ta ciki. Muka ɗaga katifa, muka kwashe akwati, babu. Na ɗauka cikin hidimar baƙi wani ya share ta da shara, na ce shi ke nan, abin da Gwaggo ke gudu ya fara tun kabarinta bai bushe ba. Da na gaya wa Baba sai ya ce, "Ku bar nema."

Bayan an yi arba'in, wata Asabar da safe, ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure ya sa babbar riga.

"Wurin nan da Yaya take kai ku, yana nan?"

"Yana nan, Baba."

"Ɗauko 'yarki ƙarama."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙoshiya. Ya ce, "Kwana biyu kafin ta cika ta kira ni. Ta ce, Akawu, duk wanda na aika ya dawo mini da labari. Saura kai."

Wurin ya tsufa. Fentin lilo ya koɗe, jirgin ƙasa ya daina tafiya, bukkoki uku ne suka rage da mutane. Dattijon nan ya daɗe da rasuwa, wani magidanci ne yanzu a bakin saƙar. 'Yata, 'yar shekara biyar, tun daga ƙofa ta fara jan rigar kakanta tana nuna lilo. Baba, wanda ban taɓa ganin ya yi raino ba, ya zaunar da ita a gindin bishiya ta ci ƙosan da muka zo da shi, ya bar ta ta hau sau ɗaya. Ashe duk shekarun nan yana ji daga zaure. Sannan ya sa mata ƙoshiyar a hannu ya ce, "Ni idona ya yi rauni. Zo ki taya ni nemo ɗan'uwan wannan."

Ita a gaba, shi a baya. Ta leƙa wurin maƙeri ta girgiza kai. A bukkar masaƙi ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta gano shaidar da kanta, ta ƙirga da yatsa, ɗaya, biyu, uku. Ta waiwayo ta ce, "Kaka, yaya ake yi da shi?" Na buɗe baki zan yi bayani, na tuna mafici, na rufe.

Baba ya dubi magidancin ya ce, "Malam, ba ni aron wurinka." Ya tuɓe babbar riga ya miƙo mini, ya cire takalmi, ya zauna. Yatsun ƙafarsa suka lalubo igiyoyin takawa suka saƙala, ko dubawa bai yi ba. Magidancin ya sa wa ƙoshiyar zare. Jifa ta farko ta faɗi ƙasa. Ta biyu ta wuce. Ya buga, ya taka, ya sake jefawa, har ƙarar ta daidaita, mutanen da ke wucewa suka fara tsayawa. Ya saƙa kamar faɗin tafin hannu, ya tsaya ya duba. Gefen ya fita a karkace, nan ya faɗaɗa, can ya tsuke.

Ya yi dariya, hawaye suna bin gemunsa. Ya ce mini, "Kin gani? Haka gefena yake fita tun ina ɗan shekara goma sha biyu. Malam ya yi faɗa har ya gaji. Ƙyallen nan na likkafaninta ni na saƙa, na ɗauka an zubar da shi tuntuni. Ashe ita ta ɗauke, ta ajiye a rufe ta da shi."

'Yata ta dafa gwiwarsa ta ce, "Kaka, wa ya koya maka?"

Bai rage murya ba, ga mutane a tsaye suna ji. Ya ce, "Ubana. Masaƙi ne. A Kusfa yake, duk unguwa an san hannunsa."

Ƙoshiya ta koma adudu, adudun kuma yanzu a zaure yake, a kusurwar nan da aka share. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata kaifin harshenta, ya yalwata mata makwanci kamar yadda ta yalwata wa 'ya'yan mutane wuri a mota. Wanda kika aika ƙarshe ya daɗe a hanya, Gwaggo, amma ya dawo da labari.